Kashi 18 Cikin 100 na Me?

Masu sauraro, assalamu alaikum. A watan Oktoban 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sanar da cewa cin giram 50 a kullum na naman da aka sarrafa, wanda ake adanawa da gishiri, hayaƙi ko sinadarai, yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin 100. Kafin ka ce kwabo labari ya karaɗe duniya, har wasu na cewa naman ya zama daidai da sigari.

Tambayar da ta kamata a yi tun farko ita ce: kashi 18 na me? A Birtaniya, cikin mutum 100, kusan 6 ne ke kamuwa da wannan cuta a tsawon rayuwarsu. Ɗora ƙarin, wato kashi 18 cikin 100 na 6 ɗin, a kan 6, sai ka samu kusan 7. Mutum ɗaya ke nan ya ƙaru cikin ɗari. Mai shan sigari kuwa, haɗarinsa na sankarar huhu ya ninka na wanda ba ya sha sau 15 zuwa 30. Gaskiya ne cibiyar ta sa naman da sigari a rukuni ɗaya na abubuwan da ke haddasa cutar daji, amma rukunin ƙarfin hujja yake aunawa, wato tabbacin cewa abu na haddasa cutar, ba girman ɓarnar ba.

Kada kuma a raina ɗayan nan. Cikin mutum miliyan ɗaya, ƙarin marasa lafiya dubu 10 ne, kowannensu da iyalin da za su kwana a gefen gadonsa. Shi ya sa jami'in lafiya yake da hujjar damuwa, ko da kai a karan kanka haɗarinka kaɗan ne ya motsa. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne a jefo wa jama'a rabin lissafi, a bar su da fargaba.

Wannan tambaya ta "cikin nawa?" da ita Likita John Snow ya tunkari kwalara a Landan a 1854. Ya kwatanta gidajen da kamfanonin ruwa biyu ke shayarwa. Wanda ke ɗebo ruwa daga inda ƙazantar gari ke kwarara cikin kogin Thames, an yi mutuwa 315 a kowane gida dubu 10. Wanda ya koma ɗiba daga saman kogin, 37 kacal.