Lacca kan iyo da leƙen ƙarƙashin ruwa a gaɓar tsibiri

Jama'a, barkanmu da warhaka. Bari mu fara da abin da ya sa ake samun gaɓar tsibiri ruwanta kwance lamo, alhali can gaba teku na ta hauka. Akwai abin da ya tare ne. Ko dai gaɓar ta shige lungu, duwatsu sun kare ta hagu da dama, ko kuma akwai shingen murjani a gabanta, wato tudu mai kama da dutse da ƙananan halittun teku suke ginawa a cikin ruwa, igiyar ruwa ta zo ta fashe a kansa, ƙarfinta ya ƙare tun kafin ta iso yashi. Shi ya sa ruwan yake garau, har kana hango inuwarka a ƙasa.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin fuska, bututun numfashi, sai takalmin iyo. Bututun ba ya wuce santimita 40 ko kusa da haka, don in ya fi tsawo iskar da ka fitar ita za ka riƙa sake shaƙa. Kuma ta cikin gilashin komai yana ƙara girma da kamar kashi ɗaya bisa uku, yana kuma matsowa kusa. Dutsen da kake zaton hannunka zai kai, da sauran tafiya.

To, ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Ruwan nan da yake tsallako shingen murjani dole ya koma teku. Ta ina? Ta giɓin da ke jikin shingen, galibi nan ne ma ƙofar da jiragen ruwa ke bi. A nan ruwa yake ja da ƙarfi, musamman lokacin da teku ke janyewa, kuma sau da yawa daga sama ba za ka lura da alamar komai ba. Abin takaicin, kifi yana son wurin. Kai kuma fuskarka na cikin ruwa, kana bin wani kifi mai ɗorawa da shuɗi, ba ka ankara ba sai ka ɗago ka ga mutanen gaɓa sun koma ƙanana. Saboda haka kafin ka shiga, ka tambayi masu wurin inda giɓin yake, ka zaɓi wata bishiya ko dutse a tudu ka riƙa ɗagowa kana dubawa. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi, gajiya ce ke nutsar da mutane. Ka yi iyo a gicciye har ka fita daga hanyarsa, ka ɗaga hannu a gan ka. Ni dai a ganina, ko gwanin iyo ne bai kamata ya shiga shi kaɗai ba.

Murjanin kuwa, kada ku taka shi. Dabba ce mai rai, tsironta a hankali yake, kuma yana yanka ƙafa. Gaɓar Maya da ke Tailan sai da hukuma ta rufe ta a 2018 saboda ɓarnar da cunkoson baƙi da jirage suka yi, ba a sake buɗewa ba sai 2022, shi ma da sharaɗin ba a iyo a ciki.