Injin Jirgin Ruwa Mai Mutuwa: Kafin Ka Kwance Karbiratar

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, masu gareji da yaransu, da masu lambu da ke fama da motopom.

Injin da za mu yi magana a kansa na jirgin ruwa ne, irin jiragen da iska ke turawa da babban ƙyalle. Sunansa Atomic 4. Kamfanin Universal ya ƙera shi a garin Oshkosh na Amurka, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1980, guda wajen 40,000. Silinda huɗu gare shi, ƙarfin doki 30, kuma esansi yake sha. Har yau wasunsu na aiki.

Na san wani zai ce, malam, ina mu ina teku? Gaskiya ne. Amma mai irin wannan jirgi ba ya tada inji sai zai fita tasha ko zai shiga, ko in iska ta kwanta. Sauran lokaci injin na ajiye, wata da watanni, da mai a cikinsa. Haka motopom ɗin Mirya da Gidimuni ke kwana duk damina, haka gurup ɗin gida ke zama sai an ɗauke wuta. Ciwonsu ɗaya ne.

Da inji ya mutu, abin da makanike ya saba shi ne ya ɗauko kile ya nufi karbiratar, wato inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Dakata, maigida. Fara tambaya: yaushe yake mutuwa, kuma yaya yake mutuwa? Rabin aikin na cikin amsar nan.

Injin da mai ya yanke wa ba ya faɗuwa lokaci guda. Yana tari, ya ɗaga murya, ya sauke, sannan ya yi shiru. Wanda wuta ta yanke wa kuwa tsit yake yi, kamar an murɗa makulli. In ka ji ya fara tari, ja istata rabi, wato abin nan da ke rage iskar da ke shiga karbiratar. In ya farfaɗo, mai ne bai ishe shi ba. In ya ƙara shaƙewa yana baƙin hayaƙi, man ne ya yi yawa.

To, ga wanda ya fi ruɗa mutane. Inji ya tashi lafiya, ya yi kamar rabin awa yana aiki, ya mutu. Ka bar shi ya huta, ya sake tashi. Abu biyu ke yawan kawo wannan, kuma ko ɗaya ba a cikin karbiratar yake ba. Na farko, hanyar iskar tanki ta toshe. A jirgi ƙwari ne kan yi gida a bakin tiyon. Mai shayi ba ya huda gwangwanin madara wuri ɗaya, sai biyu, don in iska ba ta shiga ba madara ba ta fita. Da injin ya mutu, buɗe murfin tanki ka kasa kunne. In ka ji ya zuƙi iska, ka kama ɓarawon. Na biyu bobin ce, mai ba buji wuta: in ta tsufa, zafi na kashe ta, sanyi na dawo da ita. Taɓa ta a hankali, kuma ka gwada wutar buji nan take, don in ka jira ta huce za ta yi maka ƙarya.

Wani kuma ya tashi, minti ɗaya ko biyu, ya mutu, kullum haka. Wannan man da ke cikin kofin karbiratar kawai ya sha, sabo bai iso ba. Duba filta da pompon mai. A injunan da aka sa wa pompo na lantarki akwai wani ɗan makunni da ba ya ba pompon wuta sai man inji ya yi ƙarfi. In ya lalace, ko fis ɗinsa ya ƙone, haka za a yi ta yi.

In kuwa sai ruwa ya yi igiya jirgi na tangaɗi yake mutuwa, dattin gindin tanki ne ya motsu. A Amurka yawancin esansi na da etanol kashi 10 cikin 100, shi kuma yana jan laima. In ya daɗe a ajiye sai ruwa ya rabu ya kwanta ƙasa, daidai inda tiyo ke zuƙa. Mu nan laima ba ta dame mu ba. Namu ƙurar hunturu ce, da yawon da mai ke yi. Tun 2011 muna da matatar SORAZ a hanyar Tanut, amma daga bido zuwa kwalba zuwa mazurari a bakin titi, me bai shiga ba? Gwajin ɗaya ne: zuba man a farar kwalba, ka ajiye ta ɗan lokaci. Ruwa da yashi za su sauka ƙasa, ka gan su da idonka.

Sai ka wanke waɗannan duka daga zargi sannan ka kwance karbiratar. Wanda ya fi nuna ta da yatsa shi ne injin da ke gudu lafiya amma ya mutu da zarar an sauke shi ralanti, wato mafi ƙarancin gudunsa, ko an sa giya. Ramukan ralanti su ne mafi ƙanƙanta, tsohon mai kuma in ya bushe yana barin danƙo a cikinsu. Cire jiklar, ɗan dunƙulen nan mai ramin da mai ke bi, jiƙa ta a maganin wanki, hura da iska, ɗaga ta ka ga haske ya ratsa. Don Allah yara, a bar zura wayar birki. Jiklar tagulla ce, waya na faɗaɗa ramin, daga ranar injin ya zama mashayi. Ɗauki fulotar, abin nan da ke yawo a kan mai cikin kofin karbiratar, ka girgiza a kunne. In ka ji mai a ciki ta huje, sai sabuwa. Duba allurarta, duba juwan da ke tsakanin karbiratar da inji, don iskar sata ma na kashe ralanti.

Karbiratar wannan inji ta Zenith ce, kuma daga ƙasa take tura mai sama, shi ya sa ba ya tashi da sanyi sai istata ta rufe ruf. Dunƙulen ralantinta iska yake aunawa: in ka ɗaure shi ciki mai ne ke ƙaruwa. Ɗaure shi a hankali har ya zauna, ka sassauta zagaye ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka bar inji ya yi zafi, sannan ka daidaita da kunne.

Abu biyu ne na jirgi shi kaɗai. Tururin esansi ya fi iska nauyi, a mota yana zubewa ƙasa ya watse, a jirgi kuwa taruwa yake a cikin gindinsa. Shi ya sa doka ce a kunna fankar fitar da iska aƙalla minti 4 kafin a taɓa makulli, a kuma sunsuna. Gwajin wutar buji ma sai bayan haka. Ragar ƙarfen da ke bakin karbiratar tana tare harshen wuta ne. In ta toshe a wanke, kada a cire. Sannan injin da ruwan teku yake sanyaya. In ya ƙi tashi kana ta murza shi, pompon ruwa na ta cika bututun hayaƙi, babu hayaƙin da zai kore shi, har ya koma cikin silinda. Rufe famfon ruwan tukuna, da injin ya kama sai ka buɗe.