Buntun Shinkafa Ba Shara Ba Ne

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi wannan tudun da ke bayan injin casar shinkafa. Buntu ne. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Kamba ana ganin irinsa, wani lokaci yana ta cin wuta a hankali, hayaƙi na shiga gidajen mutane.

Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na bai wa manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a fadamunmu. Ga masana'antar casar shinkafa ta Labana, ga ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injina ba iyaka. To, idan aka cashe shinkafa, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta buntu ne.

Me ya sa ba ya ruɓewa da wuri? Domin yana cike da silika, sinadarin da ke cikin yashi. Shi ya sa ba ya ƙosar da dabba, gara ma ba ta cika sonsa ba. Wannan taurin da ya sa aka raina shi, shi ne abin da mai ƙira yake nema.

A niƙa shi, a gauraya da gam, a danne da inji mai zafi, sai ya fito falle kamar katako. Kafinta zai iya yanka shi ya yi silin, ƙofar kabad ko saman teburin makaranta, ba a sare ko bishiya ɗaya ba. Amma gam ɗin sai an zaɓa da kyau, in ba haka ba damina na zuwa fallen zai kumbura. Ni a ganina, nan ne ɗalibanmu na jami'ar Aliero ya kamata su sa hannu.

Gawayi ya fi sauƙi: a babbaka buntun cikin duro ba tare da iska sosai ba, a daka, a kwaɓa da sitacin rogo, a dunƙula, a shanya.

Tokar ma kada a zubar. Idan wutar ba ta wuce kusan digiri 700 ba, silikar da ke cikinta tana kama jiki da siminti, har ta maye gurbin wani kaso nasa wajen buga bulo. Idan zafin ya yi yawa kuwa, tokar ta rasa wannan ƙarfin. Saboda haka ƙonawar fili ba ta yi, sai an gina tanda da za a iya auna zafinta.