Wasan Ƙamus: Yadda Ake Shirya Shi da Yadda Ake Ƙirga Maki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, daga nan Gombe. Yau wasan ƙamus za mu yi. A zaɓo kalmar da ba wanda ya sani, kowa ya ƙirƙiro mata ma'anar ƙarya, a cuɗa su da ta gaskiya, sannan a ga wa zai tsamo ta gaskiyar. Turawa sun daɗe suna yin sa. Gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri a kansa a 1965, kuma a 1984 aka fito da shi a kwali a Kanada da sunan Balderdash. Mu ba ruwanmu da kwali, ƙamus ɗaya ya ishe mu.

Mutum biyar zuwa bakwai ya fi daɗi. Huɗu sun yi kaɗan, nan da nan ake gane ta gaskiya. In kun haura takwas kuma, kafin a kai takarda ta ƙarshe an manta ta farko.

Kayan aiki, ga su nan a kan tabarma. Ku ciro tsakiyar littafin rubutu, ku yanka kowane falle gida huɗu. Biro kala ɗaya, duka shuɗi ko duka baƙi. Jan biro ɗaya ya shigo, an gama tona asirin mai shi. Sai faifai ko hula da za a tara takardun a ciki.

Ƙamus kuwa, ni na fi son Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, don Hausa ce ke fassara Hausa. In kun ci karo da shi a shagon littattafai ku saya, ko da karo-karo ne, ba asara. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, ya fi shi tsofaffin kalmomi, shafi sama da 1,200 ne, har yana nuna wadda ta Sakkwato ce da wadda ta Katsina ce. Sai dai bayaninsa da Turanci yake, dole mai riƙe da shi ya iya juyawa.

To, mai riƙe da ƙamus shi ne jagora. Ya buɗe, ya zaɓi kalma, ya faɗe ta da ƙarfi, ya kuma rubuta ta kowa ya gani, saboda ƙ da k, ɗ da d. Sai ya tambaya: akwai wanda ya sani? Duk wanda ya sani ya faɗi tsakani da Allah, a jefar da ita a nemo wata.

Zaɓen kalma ya danganta da waɗanda ke zaune. Ka kawo burtali a Gombe, ai ka yi aikin banza, yaron da ya taɓa bin shanu ma ya san hanyarsu ce tsakanin gonaki, kuma asalinta Fulatanci ce. In akwai malamin allo a wurin, kada ka ɗauko gafaka. In akwai tsohuwa, ragaya da zunguru sun ƙone tun ba a fara ba. Amma samarin Pantami ko Jekadafari da suka tashi da waya a hannu, ka ba su masaba, za ka ga ana sosa ƙeya. Ka kuma kiyayi kalma mai ma'ana biyu. Kurtu, alal misali: akwai na tawada, akwai sabon soja. In ka nace sai ita, ka ce tun farko ba sojan kake nufi ba.

Bari mu gwada da salka. Kowa ya rubuta ma'anarsa, minti biyu... a'a, ku ba da uku a zagayen farko, hannu bai saba ba. Suna a ƙasan takarda, a ninke, a jefa a faifai. Shi ma jagora yana rubuta ta gaskiyar a irin takardar, a daidai lokacin da kowa ke rubutu. Kada ya gama da wuri ya zauna yana kallon mutane.

Yanzu ga inda wasan yake lalacewa, ku saurara da kyau. Jagora ba ya kwafe abin da ke cikin ƙamus harafi da harafi. Ƙamus yana da muryarsa: gajerun alamomi na jinsi da jam'i, da jimla a tsuke kamar an auna ta da ma'auni. Ka karanta wannan a tsakiyar rubutun abokanka, ko makaho ya gane ta. Sai ka sauke ta zuwa maganar zaure. Salka: jakar fata da matafiya ke zuba ruwa a ciki. Shi ke nan, ba ƙari. Idan Bargery ne a hannunka, ka juya ta ta zama Hausar baka, kada ƙamshin Turanci ya biyo ta.

Bayan haka ka buɗe takardun duka, ka karanta su a zuci tukuna. Na ce a zuci, kafin ka buɗe baki. Wani rubutunsa kamar tafiyar kaza, in ka tsaya kana ƙinƙina a gaban jama'a, kowa ya san ba taka ba ce, wato ƙarya ce, ka kashe wa bawan Allah maki. Wadda ba ka gane ba, ka ja mai ita gefe... to, ba ma haka ba, jan sa gefe zai nuna shi. Ka mayar wa kowa takardarsa, ka ce a sake rubutawa da kyau. Sannan ka sa musu lamba, ɗaya zuwa shida in ku shida ne. Kada kullum ta gaskiya ta zama ta uku, mutane suna lura. In da dare ne kuma an ɗauke wuta, kada ka haska fitilar waya ta bayan takarda, rubutun yana fitowa ta ɗaya gefen. Ka ɗora su a cikin ƙamus ɗin, ka ɗaga bangonsa ya kare.

Murya ɗaya za ka karanta su da ita. Wadda ta ba ka dariya, ka gama dariyarka tun a karatun zuci. Sau biyu ake karantawa, na farko don a ji, na biyu da lambobi.

Wajen zaɓe, kada a bi layi ɗaya bayan ɗaya. Mun san halinmu, in Yaya ko Malam ya riga ya ce ta huɗu, ƙannen duk can za su bi, ko don kunya. Jagora ya ƙirga uku, kowa ya ɗaga yatsu lokaci guda, yawan yatsunka lambar da ka zaɓa. Ba a zaɓar tāka, wannan a bayyane yake.

Maki. Wanda ya zaɓi ta gaskiya, biyu. Duk mutum ɗaya da ƙaryarka ta ruɗa, ɗaya gare ka. In ba wanda ya gano ta gaskiya, jagora ya kwashi uku. Wanda kuma ya rubuto ma'anar daidai bisa dace, a cire takardarsa kafin karatu, a ba shi uku, ya zauna shiru. Mu ɗauka mu shida ne, masu zaɓe biyar. Biyu sun zaɓi jakar fata, kowannensu na da biyu. Uku sun faɗa wa wadda ta ce salka ciyawa ce mai fitowa a fadama da dawaki ke so. Mai wannan ƙaryar ya sami uku, kuma tunda ba ya zaɓar tasa, yana cikin biyun da suka gano gaskiya, biyar ke nan a zagaye ɗaya. Jagora ya tashi a tutar babu.

Ƙaryar da ke cin maki ita ce marar armashi. Kalma takwas zuwa goma sha biyu, da bayani ɗaya tak mai kama da na wanda ya taɓa ganin abin: inda ake samun sa, ko masu sana'ar da ke amfani da shi. Mai ban dariya tana samun tafi, ba ta samun ƙuri'a. Ku lura da ginin kalmar ma. Wadda ta fara da ma, yawanci wuri ce, ko kayan aiki, ko mai yin aikin, kamar masaƙa da magirbi. Masaba gudumar maƙeri ce. Ka rubuta cewa tsuntsu ce, mai kunnen Hausa ba zai bi ka ba, amma ka ce ƙarfen da dukawa ke huda fata da shi, sai ka raba kan mutane.

Ƙamus yana zagayawa ta hannun dama, kowa ya yi jagoranci sau biyu. Mutum shida, kalma goma sha biyu, zai ci muku awa ɗaya da 'yan mintuna, daidai hirar bayan isha'i. Kalmomin da aka yi, ku rubuta su a bayan littafin maki, don kada wani ya sake kawo salka mako mai zuwa. To, a miƙo faifan nan, a raba sababbin takardu.