Kashi 30 Ɗin Da Aka Bar Wa Malamai A Manhajar Jami'a

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu farfesoshi, 'yan'uwa malamai, da ɗaliban da ke can baya, ina fata kuna ji na.

An ce in yi magana kan wanda ke da ta cewa a manhajar jami'a. Bari mu fara da doka, kada mu yi ta musu a banza. Dokar Soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ikon shata mafi ƙarancin abin da za a koyar. Ta fitar da kundin farko a 1989, wani kundin mai suna BMAS ya biyo baya a 2007, sannan a Disambar 2022, zamanin da Farfesa Abubakar Rasheed ke shugabantar hukumar, aka ƙaddamar da sabon kundi, CCMAS, mai fannoni 17. Ga rabon: kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar daga NUC a Abuja, kashi 30 kowace jami'a ta tsara abinta.

ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta ce ba ta yarda ba, an ƙwace aikin majalisar jami'a. Ni ɗan ƙungiya ne, kuma ina ganin tana da hujja. Malamin da ya shekara 20 yana makin jarrabawa ya fi duk wani kwamiti sanin inda ɗalibi ke tuntuɓe.

To amma jama'a, kashi 30 ɗin da ke hannunmu, me muka yi da shi? A nan nake so mu daɗe.

Kun san hanyar da sabon kwas ke bi: taron sashe, daga nan tsangaya, sai kwamitin tsara karatu, sai majalisa ta amince. A takarda, malami ne mafari. Na taɓa zama a irin wannan taro, ba zan faɗi sashen ba. Takarda ta zo Litinin, ana son amsa Alhamis. Kowa ya rungume kwas ɗinsa kamar gonar gado, domin in aka cire shi, tsohon littafin laccarsa ya tashi aiki. Wani ƙaramin malami ya ce a koya wa ɗalibai ɗaukar hoton rubutun ajami da adana shi a kwamfuta. Aka ce masa, "Malam, bari ka gama digirinka na uku tukuna." Ranar Alhamis muka sauya wa tsofaffin kwasa-kwasai lamba muka tura. Ni ma na sa hannu, Allah Ya yafe mana.

Shawarata ga shugabannin sassa: a ba malamai zango guda, ba kwana uku ba. Ƙaramin malami ya fara magana kafin farfesa, don in babba ya riga, an rufe bakin kowa. A kira tsofaffin ɗalibai su faɗi abin da aka tambaye su a wurin aiki suka rasa amsa.

Shugaba yana nuna mini agogo. Malama, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.