Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Cin Tallafin Noma a Karkarar Amurka?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙarmu ta yau daga wani manomi ta fito. Ya ce ya ji ana cewa gwamnatin Amurka tana zuba wa manoma kuɗi a asusunsu, har da wanda bai shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Shin gaskiya ne, kuma su wa ake ba?

To Malam, gaskiya ne, amma da bayani. Abin ya faro ne a 1933, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Gwamnati ta riƙa biyan manoma su rage noma don farashi ya farfaɗo.

A yau kusan kowace gundumar karkara tana da ofishin FSA, wani reshe na ma'aikatar noma, inda manomi ke zuwa ya faɗi eka nawa ya shuka da abin da ya shuka. Tun 2014 aka daina biyan kuɗin da ake bayarwa duk shekara ko da riba ko babu. Yanzu zaɓi biyu ke gabansa: ko a biya shi idan farashi ya sauka ƙasa da wanda doka ta yanka, ko kuma idan abin da eka ɗaya ke kawowa a gundumar ya gaza yadda aka saba. A na biyun nan galibi ba gonarsa ake dubawa ba, girbin gundumar baki ɗaya ake aunawa. Ƙanƙara na iya ragargaza masarar mutum, maƙwabtansa su cika rumbu, shi kuma ya tashi a tutar babu. Inshora ce ke ceton irinsa, ita ma gwamnati ke biyan kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗinta.

Batun wanda bai shuka ba kuwa, wani shiri ne da aka kafa a 1985. Mai gonar da zaizayar ƙasa ke ci zai bar ta ta huta shekara 10 zuwa 15, ya shuka ciyawa ko itatuwa, gwamnati tana biyan shi haya.

Amma inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon. Da faɗin gona da tarihin abin da aka saba nomawa a cikinta ake lissafi, ba da halin da mai ita yake ciki ba. Masara, waken suya, alkama, auduga da shinkafa su ke kwashe kaso mafi tsoka. Mai lambun tumatir ko latas ba ya cikin zaɓin nan biyu. Ko a 2018 da 2019, da China ta ƙaƙaba wa waken suyan Amurka haraji, gwamnatin Donald Trump ta raba wa manoma sama da dala biliyan 20, mai eka dubu biyar ya sha gaban mai eka ɗari nesa ba kusa ba. Kuma da yake tallafin gona yake bi, mai gona sai ya ɗora shi a kan kuɗin haya. Matashin da bai gaji ko taki ɗaya na gona ba, da ya karɓi tallafin da hannun dama sai ya miƙa wani kaso da hagu ga mai filin, wanda wani lokacin ma a birni yake zaune.