William Barnes, Mawaƙin Karkarar Dorset

Mutum-mutumin da ke gaban cocin St Peter a garin Dorchester na ƙasar Ingila, na William Barnes ne. Ko a Ingila ba kowa ya san shi ba.

An haife shi a 1801 a ƙauyen Bagber da ke yankin Dorset, kudu maso yammacin Ingila, a gidan manoma. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya kama aikin akawu a ofishin lauya. Sauran ilminsa kusan da kansa ya nema, har ya buɗe makarantarsa, daga baya ya zama limamin coci a Winterborne Came a 1862.

Abin da ya sa muke maganarsa shi ne harshe. Mutanen Dorset suna da nasu karin Ingilishi: inda ɗan Landan zai ce "summer", su "zummer" suke cewa, "f" kuma ta koma "v". 'Yan birni na yi wa wannan kallon ƙauyanci. Barnes ya tsaya kai da fata cewa tsatson tsohon Ingilishi ne, ya kuma rubuta waƙoƙi da shi. A 1844 ya fitar da Poems of Rural Life in the Dorset Dialect: masu tatsar nono, girbin ciyawa, talakan da masu ƙasa suka kange masa makiyaya. Da bakinsu ya bar su suka yi magana, kuma a nan ƙarfin littafin yake.

Kishin ya kai shi ga son a fitar da kalmomin Latin da Girka daga Ingilishi. Hoto ya kira shi "sunprint", wato bugun rana. Mutane ba su bi shi ba.

Matarsa Julia ta rasu a 1852. Shekaru da dama bayan haka, da sunanta yake rufe rubutun kowace rana a kundin ajiyarsa.

Shahararren marubucin Ingila Thomas Hardy yana saurayi ya koyi zanen gini a ofishin da ke maƙwabtaka da makarantar Barnes, yakan leƙa ya yi masa tambayar nahawu. Da Barnes ya rasu a 1886, Hardy na tafe ta gonaki zuwa jana'iza sai ya hango rana ta haska akwatin gawar daga nesa. Ya ɗauki wannan walƙiya a matsayin sallamar abokinsa, ya rubuta waƙa a kanta. A 1908 ya zaɓo waƙoƙin Barnes ya buga su a littafi guda.